Kafinta Ya Gyara Gidansa

Mijina kafinta ne. Duk unguwar nan babu gidan da bai san hannunsa ba, sai nasa. Ƙofar banɗakinmu da dutse muke tokare ta tun ina goyon autarmu, murfin kabad ɗin kicin kuwa in ka ja shi da ƙarfi a hannunka yake tahowa. In na yi magana ya ce gobe. Na ji goben nan har na daina jin haushinta, ta zama kamar sallama.

To ranar wata Asabar sai ga shi ya shigo da akwatin kayan aikinsa a kafaɗa, ya durƙusa gaban ƙofar banɗaki. Kafin la'asar ta miƙe tana rufuwa kamar ta mutane. Washegari ya hau kan kabad, ya bi tagogi ɗaya bayan ɗaya yana canza musu sakata, ya sayo fenti. Ni kuwa, Allah ya yafe mini wautata, na ɗauka ƙauna ce ta motsa bayan tsufa. Har waya na yi wa Yayata ina yi mata burga, ta ce in bincika dai, namiji ba ya tashi da guduma haka kawai. Na ce hassada ce irin ta 'yan uwa.

Fentin ne ya tona shi. A falonmu akwai inda ruwan sama yake yoyo, silin ya yi baƙi. Na shigo na tarar ya shafe wurin fari fat, alhali ko tsani bai kafa ya duba kwanon ba. Mutumin da zai kwance teburin da ya gama saboda ƙusa ɗaya ta karkace a inda ido ba ya kaiwa, shi ne yau yake rufe ruɓa da fenti. Wannan gyaran ba don mazauna gidan ake yin sa ba, don idon wani ne.

Mai idon bai daɗe ba ya iso. Su biyu suka zo, mai katakon da mijina yake sayen kaya a wurinsa, da wani dogo mai tef ɗin awo a hannu. Maigidan ya ce mini sun zo ganin aikinsa ne. Na kawo musu ruwa na koma bakin taga. Dogon ko kallon ƙofofin bai yi ba, katanga yake aunawa daga kusurwa zuwa kusurwa, yana tambayar ko ɗakin gaba yana da mitar wuta tasa.

Da suka tafi na tare shi a tsakar gida yana wanke buroshi.

"Baban yara, nawa suka yi mana kuɗi? Mu da yaran ne, ko gidan kawai?"

Ya daɗe yana murza buroshin nan kafin bakinsa ya buɗe. Ashe wani mai gina masaukin baƙi ne ya ba shi aikin ƙofofi da tagogi na bene guda. Ya karɓo katakon bashi, da baki kawai, yadda suka saba da mai katako tun suna samari. Ya gama aiki, ginin ya tsaya, mai ginin ya kashe waya. Ƙofofin suna jingine a shagonsa suna shan ƙura, mai katako kuma ya gaji da jira. Shi ne ya ce a kawo takardar gida a matsayin jingina, ya ƙara masa shekara. Sai dai takardar suna biyu ne a kanta. Ni tela ce, da kuɗin ɗinkin kayan makaranta na sayi filin, mijina ya yi ginin, kuma shi da kansa ya nace a rubuta mu tare, 'yan uwansa suna yi masa dariya. Yanzu ba ta motsi sai da sa hannuna.

"Sa hannu ne kawai, Maman yara," in ji shi. "Kafin shekara na biya. Mutumin nan ya yarda da ni, ba zan iya kallon idonsa ba."

Na ji tausayinsa, na kuma ji kamar in kwaɗa masa bokitin fentin. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Cikin masu kawo mini ɗinki akwai wata lauya, mace mai son aljihu a kowace riga. Da ta zo gwaji na faɗa mata komai, bakina cike da allurai. Ta ce bashin da aka ci da baki nasa ne shi kaɗai. Mai katako yana iya kai shi ƙara, kuma in abu ya yi tsami kotu tana iya waiwayar rabonsa, amma hanyar tana da tsawo, ana samun wurin sulhu a cikinta. Ranar da na sa hannu kuwa, na ɗauki gidan gaba ɗaya, har da rabona, na ɗora a kan bashin da ban ci ba. Wata ɗaya ya kuskure, mu fara neman ɗakin haya. Ta ce kada in ɓoye komai, kada in yi wa kowa wayo, in je a yi magana a rubuta.

Na bi mijina har rumfar katako. Mai katakon ba mugu ba ne, shi ma akwai masu binsa, na ga haka a yadda yake juya wayarsa yana kifewa duk lokacin da ta yi ƙara. Na gaishe shi da kyau, na ce haƙƙinsa haƙƙi ne kuma za a biya shi, amma gidan da 'ya'yana suke kwana ba ya cikin maganar. Ƙofofin da ke shago a kawo su gaban rumfarsa, duk wadda aka sayar kuɗin nasa ne. Ni zan saki shagona in dawo da kekena ɗakin gaba, kuɗin hayar da nake biya ya riƙa zuwa masa duk wata. Na ce wannan taimako ne nake yi wa mijina don raina ya so, sunana ba zai hau takardar bashi ba.

Mai katako ya yi faɗa, ya ce ba a taɓa kawo masa mace cikin ciniki ba. Na ce ai shi ya fara aiko mini da mai tef har tsakar gida. Sai ya tambaya ƙofa nawa ce a shagon.

A hanyar dawowa mijina yana gaba ina baya, bai waiwayo ba. Ya ɗauki fushi da ni sosai. Yana cin abinci, yana amsa gaisuwa, amma hira ta mutu, kuma abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna. A ganinsa na tsirara shi gaban abokin cinikinsa. Ni kuma ina ɗakin gaba ina taka keke, yara suna ratsa yadin mutane da ƙafa, ina tambayar kaina ko na tsare gida na rasa mai gidan.

Ƙofofin suka fara tafiya, yau ɗaya, wani satin uku. Aikinsa mai kyau ne, wanda ya sayi ɗaya yakan dawo da maƙwabcinsa. Bashin ya soma raguwa, har mai katako ya koma aiko mini da gaisuwa.

Wata rana da hantsi ya dawo gida ba lokacin dawowarsa ba. Na ji shi yana waya a soro: wani ne zai ba shi aikin kujerun babban ɗakin taro, a fara kawo kaya, kuɗi daga baya. Ya wuce ɗaki, na ji ƙarar akwatin da muke ajiye takardu. Ƙafata ta tsaya a kan keke. Ya shigo da takardar gidan a hannu, ni kuma na riga na shirya a'a ta biyu, ko da ita ce za ta raba mu.

Ya ajiye ta a kan yadin da nake ɗinkawa.

"Na ce masa sai ya ba da rabin kuɗin tukuna. Amma na san kaina, in ya sake kira da daɗin baki zan fara lissafi. Ki kai ta inda ban sani ba. Ko na tambaye ki, ko na yi fushi, kada ki faɗa mini."

Na ce to. Ya ɗan tsaya yana kallon ɗinkin, sannan ya jawo kujera ya zauna kusa da ni, ya ce teburin keken nan yana girgiɗi, yaya aka yi ban taɓa faɗa masa ba.