Motar Borno a Kangon Jakara

A shekarar da aka hana acaɓa a Kano, an kuma hana ajiye mota kusa da filin ƙwallo na Ƙofar Mata. Jami'an tsaro suka jera durom da buhunan yashi tun daga nesa, duk wanda ya zo da mota sai ya san inda zai kai ta. 'Yan gari ba su damu ba, a ƙafa suke zuwa ko a adaidaita. Baƙi ne suka ji jiki.

Ina da kango a bakin titi a Jakara, inda kakana, mutumin Gadamas ta tsallaken hamada, yake sauke kayan raƙuma a zamaninsa. Ni fata nake sayarwa a kasuwar Kurmi, kuma har yau ban gane abin da ke sa ƙarti ashirin da biyu bin ƙwallo ɗaya da gudu ba, amma ranar wasa nakan buɗe kangon. Mai unguwa ya yarda bisa sharaɗi guda: motar baƙi ba ta zama ita kaɗai. Dole wani ya zauna a ciki tun shigarta har fitarta. Kowa ya san dalili. In da abin da zai tashi a cikinta, to ya fara da na zaune.

Wata Lahadi, gab da la'asar, wata farar bas cike da magoya bayan ƙungiyar baƙi ta tsaya a bakin kangon, lambar Borno a goshinta. Wuri uku aka kore su kafin nan. Malam Ilu tela, maƙwabcina, ya tsayar da keken ɗinkinsa ya zuba mata ido. Na duba ƙarƙashin kujeru, na buɗe baya, ban ga komai ba sai tabarmi da butoci da jarkar ruwa. Na ce su shigo. Kafin direba ya kashe inji, magoya bayan sun kwashe gangunansu sun yi gaba, ko waiwaye babu.

Direban dattijo ne, Modu sunansa. Na gaya masa sharaɗin. Ya ji, ya tambaye ni:

"Alhaji, ko rabin awa ba a bari?"

"Ba a bari, Malam."

"Ɗana ne mai lamba bakwai. Bakura. Wata goma sha huɗu ban sa shi a ido ba."

Ya ce tun da gari ya rikice ƙungiyar ta bar Maiduguri, tana yawo garin mutane, ga waya an katse musu. Da an tashi wasa 'yan sanda za su kwashe 'yan wasan su wuce da su, shi kuma dole ya kama hanya kafin a rufe shingaye. Filin nan kaɗai ne inda zai gan shi.

"Ko akwai wanda zai zauna mini?" in ji shi.

Bai ce ni ba, amma babu kowa a wurin sai ni. Na ce bari mu gani, na ja kujerata can gindin katanga na zauna.

Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Da hannuna na bincike motar, na san tabarma ba ta fashewa, amma idona ya ƙi barin lambar nan. Malam Ilu ya tsallako ya ƙara mini.

"Khalifa, kar tausayi ya ɗebe ka. Irinsu da magana mai daɗi suke zuwa."

Modu bai sake roƙo ba. Ya yi alwala ta taga, ya yi la'asar a zaune a kujerar direba, don kar a ce ya sauka. Sannan ya kunna rediyon motar. Duk sanda mai sharhi ya ambaci Bakura, sai ya kama sitiyari da hannu biyu ya matso gaba. Haka na zauna ina kallonsa har aka tafi hutun rabin lokaci. Kunya ce ta tashe ni, ba jarunta ba. Na buɗe ƙofar na ce ya sauka.

Bai tsaya dogon godiya ba. Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya bi titi da sassarfa, don adaidaita ba ta wuce shingen farko. Daga Jakara zuwa filin tafiya ce, ga layin bincike a ƙofa.

Na zauna a kujerarsa, tana da ɗumi. Bai fi minti goma da tafiya ba mai sharhi ya ce baƙi sun yi canji, mai lamba bakwai ya fita, ƙafarsa ta ɗan motsu. Na kashe rediyon. Ban taɓa jin haushin kaina irin na wannan rana ba, domin minti arba'in da biyar yaron ya yi yana wasa, ni kuwa ina gindin katanga ina shawara.

Kafin magariba suka dawo, an ci su biyu da nema, gangunan a kafaɗa babu mai bugawa. Modu ne na ƙarshe. Na sauka na miƙa masa makulli, na kasa haɗa ido da shi.

"Ka same shi kuwa, Malam Modu?"

"Na same shi a benci," ya ce. "Ta bayansu aka zaunar da mu, bai juyo ba. Amma na ga ƙeyarsa sosai, Alhaji. Ya yi ƙiba. Zan gaya wa uwarsa suna ba shi abinci."