'Yar Farin Hanne

Hanne ta yi sallama a gidan Suwaibatu da ke Gaya, ƙafafunta duk sun yi tsami don tun daga Gafasa take tafe, sai ta tarar da wata yarinya a bakin turmi tana kokawa da taɓaryar da ta fi ta tsawo. Kallo ɗaya ta yi mata ta kau da kai. Hindatu ce, 'yarta ta fari, kuma mace mai kunya ba ta sakin fuska ga ɗan fari, balle ta kama sunansa.

Amma kallo ɗayan nan ya isa. Wuyan yarinyar ya zama kamar sillen kara, kai ba kitso, zane duk ya mutu. Shekarar da Ningawa suka ƙone rumbunan Gafasa ne Suwaibatu, yayar mijin Hanne, ta ɗauke ta riƙo, wai ta zo birni ta ci ta ƙoshi. To, ga ƙoshin nan! 'Ya'yan gida suna inuwa suna shan fura, ita kuwa an ajiye mata ƙanzo sai ta gama daka.

Aka gaisa, aka tambayi damina da mutanen gida. Ran Hanne kuwa ya gama ɓaci. Ita ma bana rama da dusa ake kwaɗawa a gidanta, amma gara a raba yunwar tare. Can dai ta daure ta ce, "Yaya, waccan na zo tafiya da ita."

Suwaibatu ta yi dariya har da tafa hannu, ta tambaya ko yau kunyar ta ƙare ne. Ta ce ita ba ta ɗaure kowa ba, ga yarinya nan, a ji ta bakinta.

Hindatu ta matso riƙe da taɓaryar, idonta a ƙasa.

"Ni nan zan zauna, Goggo," ta ce wa Suwaibatu a hankali. "Can Inna ba ta so na, ko magana ba ta yi mini. Nan kuwa ko da zagi ne ana kiran sunana."

Hanne ta buɗe baki. Sunan ya zo mata har maƙogwaro, ya ƙi fita, sai hawaye. Ta tashi ta karɓi taɓaryar daga hannun yarinyar, ta dubi bango ta ce mai jin yunwa ya je ya ci abinci. Sannan ta gyara ɗaurin zane, ta hau dakan geron Suwaibatu.