Kurar Ebenezer

Ebenezer, mai sayar da cajar waya a kasuwar Utako, shi ya ja mini wannan masifa. Shekara da shekaru muna tare, doyar gonata ma kyauta yake ci. Ranar nan sai ga shi a ƙauyenmu Jiwa da kyamarar aro, wai zai yi fim ɗin kura mai cin mutane, amma ba shi da kura.

"Oga Ɗangoggo, ba ni aron karenka mana. Wallahi ba abin da zai same ta."

Jatau yake nufi, karen da ke kore mini birai daga masara, wanda ko kaza ta harare shi sai ya kauce mata. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce ya ɗauka.

Shi da yaransa suka ɗiɗɗiga wa karen baƙin rinin gashi a jiki, suka shafe masa baki da tumatirin gwangwani. Ɗan wasan fim ɗin ya kwanta cikin ciyawa yana kurma ihu, an cusa masa kilishi a wuyan riga, Jatau na ta wawura yana kaɗa wutsiya. Ebenezer ya ce wutsiyar ba matsala, kwamfuta za ta gyara.

Abin da ya ɓoye mini shi ne irin tallar da zai yi. Ya yanko wurin ihun ya watsa a wayoyi, ba sunan fim, sai rubutu kawai: kura ta kashe manomi a Jiwa. Kafin la'asar mata sun daina zuwa rafi. Na kira shi na ce ya fito ya faɗi gaskiya.

"Haba oga, bari ya yi tirendin, ya zaga wayoyi tukuna. Gobe zan yi bayani."

Rinin kuwa ya ƙi fita daga jikin karen, na dirje shi da sabulu har hannuna ya gaji. Na ɗaure Jatau a gida, ya ji kukan birai ya tsinke igiya. Mafarautan da aka ɗauko daga wani ƙauye don su kashe kurar ba su san shi ba. Da hantsi na ji ƙarar bindiga ta wajen gonata.

Ina tona ramin binne Jatau, idona cike da hawaye, Ebenezer ya sauko daga okada. Har raina ya ɗan yi sanyi, na ɗauka haƙuri ya zo ba ni.

"Sori, oga. Amma don Allah kar ka binne ta yanzu. Wurin da ake kashe kuran ne ya rage ba mu ɗauka ba."

Ban taɓa jin zafin cin amana irin na ranar ba. Na ɗaga kai zan ba shi amsa, na ga ashe ya riga ya kunna kyamara.