Zane na Bakwai

Ranar Laraba Harti, ungozomar asibitin ƙauye, ta gangaro da babur ɗinta ta tsakanin gonakin shinkafa, ta tarar da Inna Warsini tana kankare kwakwa. Sakamakon jinin da aka ɗebar wa Sumirah, 'yar Warsini mai cikin fari, shi ne ya dawo daga birni.

"Inna, akwai wani sinadari da mabiyiya ke zubawa cikin jini, to nata ya hau sosai. Alama ce jijjiga na tafe. Gobe-goben nan a kai ta babban asibiti."

"Yarinyar da ta share kwano biyu na shinkafa ɗazu? Ke Harti, ni fa na goya ki."

"Jini yana riga jiki magana, Inna."

Sumirah na barci, Harti kuwa wata mai naƙuda na jiranta a bayan tsauni. Sai ta damƙa wa uwar takardar sakamakon ta wuce.

Warsini ba sakarya ba ce, kowa ya shaida. Sai dai Asabar ce ranar da aka lissafa don wankan wata bakwai, wanda a al'adarsu ake yi wa mai cikin fari don ta sauka lafiya. An riga an ɗebo ruwan rijiya bakwai, an gayyaci tsofaffi bakwai. Ita a nata cikin farin ba a yi mata wankan ba, ɗan ya zo babu rai, kuma shekara talatin ke nan tana ɗora laifin a kan haka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta ninke takardar ta jefa cikin gwangwanin shayi. Kwana uku kacal, me za su yi?

Ranar Asabar zobe ya ƙi fita daga yatsar Sumirah saboda kumburi.

"Inna, kaina kamar ana sarawa."

"Hayaniya ce, 'yar nan. Daure, yanzu za a gama."

Aka yi wanka, aka shiga sauya zannuwa. Duk wanda aka ɗaura wa Sumirah sai a tambaya, "Ya dace da ita?" Mata su amsa da dariya, "Bai dace ba." Haka ake yi sai an kai na bakwai, sannan a ce ya dace. Ana ɗaura na biyar Sumirah ta lalubo hannun uwarta.

"Inna, me ya sa gari ya yi duhu?"

Rana tana tsaka. Sumirah ta faɗi tana kakkafewa.

A motar kayan lambun maƙwabci aka kai ta birni. Likitoci suka ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya, da ranta. Sumirah ba ta farka ba. A wurin zaman makoki Harti ta riƙe hannun Warsini, ba ta tambayi takardar ba. Da Harti ta zage ta ma, da ya fi wa Warsini sauƙi.

Bayan mako biyar aka sallami jaririyar. Warsini ta buɗe jaka ta ɗauko zane na bakwai, ko ninkinsa ba a warware ba, ta naɗe jikarta a ciki. Wata tsohuwa mai sharar asibiti ta leƙo ta yi murmushi.

"Kai, zanen nan ya dace da ita."

Warsini ta zauna a kan dakali da yarinyar a ƙirjinta, ta yi kukan da ta kasa yi tun ranar Asabar ɗin.