Lomar Baki Ɗaya

Abin ya fara ne ranar da Malama Kubura ta kulle gidanta ta kama hanyar filin jirgi. Ɗanta Nafi'u ne ya aiko mata da tikitin tafiya ba dawowa, wai ta koma wurinsa a ƙasar waje ta huta. Ba ta musa ba, ko da yake tun rasuwar maigidanta babu magaribar da maƙwabta ba sa kewaye tiren tuwonta.

Aka ɗaga lokacin tashin jirgi. Bayan ta sallaci azahar, ta shiga wani gidan abinci mai kujeru masu laushi, aka kawo mata boga, wato burodi mai nama da ganye a tsakiya, da soyayyen dankali a gefe. Ta juya ga mutumin da ke teburin kusa ta ce, "Bismillah, bawan Allah." Ya dube ta, ya dubi farantinsa, ya mayar da waya kunne. Sanyin ɗakin ya ratsa ta, gajiyar haɗa kaya ta sauko mata a ido, kanta ya yi nauyi.

Sai ta ga ruwa yana malalowa daga ƙarƙashin ƙofa, shiru kamar mai, har ya mamaye ɗakin. Kowane tebur ya zama tsibiri, kowane tsibiri da mutum ɗaya da faranti ɗaya. Jirage na iyo a ƙarƙashin ruwan kamar tarwaɗa. Wani dogon mutum cikin fararen kaya ya tako a kan ruwan, ƙafarsa ba ta jiƙe ba. Fuskarsa sumul, babu ko tabon gumi.

"Sannu da hutawa, Hajiya. Ni ne Sauƙi, ni ke kula da wannan wuri. A nan babu hayaƙi, babu wanke-wanke, babu mai yi miki sallama kina tsakiyar loma."

"To su waɗancan fa? Wa ke tambayarsu ko sun ƙoshi?"

"Ba a tambaya a nan. Tambaya wahala ce."

Burodin sama ya ɗaga kamar leɓe, boga ta yi magana da murya ƙasa-ƙasa: "Ki ci ni kawai, baiwar Allah. An auna ni daidai da baki ɗaya."

Malama Kubura ta gyara mayafinta. "Wanda ya auna ki bai san bakunan da ke bayana ba. Tun da nake ban taɓa jin abincin da ya zaɓi mai cinsa ba."

Ta kama ta da hannu biyu za ta raba. Sauƙi ya yi murmushi, sai ga akwatunan tafiya sun tsiro daga hannayen mutanen tsibiran, kowa yatsunsa sun manne da mariƙi. Ko an miƙa musu, ba su da hannun karɓa.

Daga nesa ta ji ƙwas, ƙwas, kamar ana dogara sanda. Wata siririyar tsohuwa ce tafe a cikin kwalekwale, kanta fari da busasshen tuwo. Da ta matso, Malama Kubura ta gane muciyarta ce, kwalekwalen kuma tiren gidanta.

"Uwar ɗakina, kin kyauta," in ji muciya. "Kin jingine ni a bayan ƙofa, har gara ta fara yi mini barka da zuwa."

"Yaro ne ya ce in huta."

"Ya ce, kika ce to. Ke da ko gishiri ba a sa miki baki a kansa? Hau mu je."

Ta hau. Muciya ta tuƙa ruwan kamar yadda ake tuƙa tuwo, ruwan ya yi kauri, ya yi tururi, tsibiran suka fara matsowa kusa da juna. Malama Kubura ta gutsuri boga ta sa wa mutumin farko a baki. Yana haɗiyewa, akwatin ya saki hannunsa ya nutse. Ta gutsura wa na biyu. Abin da ke hannunta bai ragu ba.

Sauƙi ya sha gabanta, murmushin ya ɓace. "Hajiya, kina ɓata mana tsari. Shekarunki sun kai ki zauna a kawo miki."

"Wanda Ya ba ni shekarun bai karɓe hannuna ba," ta ce. "Ranar da Ya karɓa, na zauna. Matsa."

Bai matsa ba. Muciya ta miƙe tsaye, ta ɗaga kanta sama, ta sauko a kan tebur da ƙarfi.

Malama Kubura ta farka firgigit tana salati. Wayarta ce ke girgiza a kan tebur, Nafi'u ne ke kira. Ɗakin a bushe yake, mutane na ta cin abincinsu.

"Umma, an ce an jinkirta jirginku. Kin dai ci wani abu?"

"Nafi'u, saurare ni, Allah Ya yi maka albarka. Zan zo in ga jikokina, in yi musu wata guda. Ka mayar da tikitin nan na zuwa da dawowa."

"Haba Umma, ai mun gama wannan maganar. Wa kika bari a can da za ki koma wa?"

"Kai ka gama. Ni gida zan dawo."