Sunan da Malam Hashim Ya Tsallake

Matar Malam Hashim ce ta kawo min saƙon cewa ba za a saka 'yar farina cikin masu saukar Alƙur'ani ba. Ta shigo gidanmu a Sabon Garin Jega da hantsi, ta toge a bakin ɗaki tana leƙen yarinyar da ke kwance a tabarma. Na ba ta kujera ta ƙi zama. Na kawo ruwa ta ce azumi take yi, ranar Talata.

"Malam yac ce a ba ki haƙuri, Barakatu," in ji ta. "Uwayen yara na sunka tada hankali. Wai in miyanta yat taɓa ɗiyansu, ciwon shina kama su."

"Ki ce mai na jiya," na ce. Ban raka ta ko zaure ba.

Izu sittin yarinyar nan ta kai cif, tana da shekara goma sha uku, kuma a gaban Malam Hashim ɗin ta kai su. Walima kawai ta rage. To mu nan ba a taro sai albasa ta shiga buhu ta tafi kasuwar Aliero, albasar waccan shekarar kuwa ta ruɓe a gona, sai aka ɗaga saukar zuwa baɗi. A cikin wannan jiran ne ciwo ya same ta. Da mantuwa ya fara, har na riƙa yi mata faɗa idan na aike ta ta dawo hannu rabbana, abin da har gobe yake cin raina. Daga nan sai fizgar jiki, kwano ya suɓuce mata, ta faɗi ba dalili. Kafin azumi ƙafa ta tafi, bayan Sallah magana ta bi ta.

Mun je Birnin Kebbi aka tura mu Sakkwato. Likita ya ce ƙyandar da ta yi tana goye ce ta ɓuya a ƙwaƙwalwa shekara da shekaru, yanzu ta farka. Ya ce a cikin yara dubbai da ƙyar ake samun ɗaya, ciwon ba shi da magani, kuma ba a ɗaukarsa. Wannan na ƙarshen na faɗa wa unguwa har bakina ya gaji, amma kowa ya fi likita sani. Maƙwabta suka daina aron turmina. Ƙanwar maigidana ta zo daga Maiyama da ƙullin turaren aljanu, ta miƙo daga tsakar gida ta juya. Ni ke ɗura mata kunu da cokali, ni ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo, ni ke wanke zannuwa sau uku a yini. Da ana ɗaukarsa ai da tuni an binne ni.

Da maigidan, Almu, ya dawo daga fadama na gaya masa. Mutum ne mai sanyi, ko akuya ta ci masa shuka sai ya ce rabonta ne.

"A yi haƙuri," ya ce. "Allah ya san ta sauke."

"Allah ya sani, mutane na ba su sani ba. Ko da kai ko ba kai, zuwa mu kai."

Washegari sai ga shi da yadin farin leshi a leda.

Ranar sauka na yi mata wanka, na sa mata kwalli da lalle, na goya ta da zane biyu. Budurwa 'yar sha huɗu, ƙafafunta na bugun ƙwaurina, ga nauyi babu. Uwar mijina, Inna Zulai, ta biyo mu tana salati tana cewa zan jawo musu abin faɗi. A filin makaranta an kafa rumfa, maza gefe mata gefe, yara goma sha ɗaya a jere kan tabarma, ga allunan zayyana a gaban Malam. Muna shiga rumfar mata aka dare mana wuri har ya yi mana yawa.

Malam ya ɗauki lasifika ya fara kiran suna, wanda aka kira ya taso ya karɓi allonsa. Na san jerin, domin yarinyar ta sha faɗa min ita ce ta huɗu. Ya kira na uku. Ya ɗan yi gyaran murya, ya kira na biyar.

Shekara goma sha huɗu sunan yarinyar nan bai taɓa fita daga bakina ba. 'Yar fari ce, haka na tarar ana yi. "Ke" nake ce mata, ko "waccan", ko a gaban likita ma Almu ne ya faɗi sunan. Amma da na ji an tsallake ta kamar ramin hanya, ban san lokacin da na miƙe da ita a baya ba.

"Zinatu Almu!"

Ban yi zaton muryata ta kai haka ba. Malam ya sauke lasifikar, maza suka waiwayo.

"Zinatu Almu, Malam! Ita at ta huɗu. Gabanka tak karance izu sittin ko ba gabanka ba? Hwaɗi jama'a su jiya."

Inna Zulai ta finciki mayafina. "Ke Barakatu! Ɗiyar hwari? Ina kunyakki?"

"Na bar miki ita, Inna."

Malam Hashim ya dubi iyayen yara, ya dubi ƙasa. Can ya ce a hankali, ba ta lasifika ba, "Ta karance." Ya sa hannu ƙarƙashin buzunsa ya jawo allo na goma sha biyu. Ashe ya yi mata zayyanar, tsoron mutane ne ya sa ya zauna a kai.

Na ratsa filin na kwance goyon, na zauna a tabarmar da ita a cinyata. Yaran da ke kusa suka matsa, iyayensu na yafuto su. Almu ya fito daga cikin maza ya karɓo allon ya durƙusa ya riƙe mata, hawaye na zuba a gemunsa a gaban kowa. Malam ya ja Fatiha aya aya yadda ake yi, yana dakatawa inda ɗaliba za ta maimaita, ba wanda ya cike gurbin. Miyau ya zubo mata, na share da tafin hannuna.

Na sunkuya daidai kunnenta na sake faɗin sunanta, wannan karon don ita kaɗai. Idonta da ya yi wata biyu yana kallon sama ya gangaro a hankali, ya tsaya a kan bakina.