Ƙullin da Bai Bar Mazauninsa Ba

"Ka buɗe, ko?" in ji matarsa, ba tare da ta dube shi ba.

Sarkin Rami, kamar yadda ake kiransa a wurin aiki, ya yi sauri ya mayar da takardar cikin ambulan. Ya buɗe kam, da farce, a hankali, ko gefen bai yage ba. Mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana tono wa masu binciken tarihi tukwane da ƙasusuwan mutanen da, ai ambulan ba za ta gagare shi ba.

Mako uku ke nan da aka ɗebi ɗan nama daga ƙullin da ta ji a mamanta na hagu. Tun ranar keken ɗinkinta ya yi shiru, shi kuma ya daina cin abincin kirki. Yanzu ga su a bencin asibiti suna jiran likita ta karanta musu sakamakon.

Turancinsa na bakin rami ne, takardar kuwa duk duhu ce gare shi, ban da kalmomi biyu. Su kam ya rubuta su da alli a ɗan allon aiki ya fi sau dubu: in situ. Sai ga shi yana murmushi.

"Ni ina nan rai a hannun Allah, kai kana washe baki," ta ce.

"Tela, saurara. A wurin aikinmu, in aka ce an sami tukunya in situ, ana nufin tana nan inda mai ita ya ajiye ta. Ruwa bai ja ta ba, ɓera bai watsa ta ba. Ranar murna ce."

"Wato na zama tsohuwar tukunya."

"Mai daraja dai. Irin wadda ake ɗauka da hannu biyu."

Ta harare shi, amma ta gyara zama ta matso kusa. Shi kuwa ya danne tsoronsa, don ya san ma'anar kalmar a rami ne kawai. Bai taɓa jin ta a jikin mutum ba.

Da aka kira su, likitar, wata matashiya mai tabarau, ta karanta takardar sau biyu.

"Mama, akwai ƙwayoyin sankara," ta ce a hankali. "Amma irin wadda muke kira…"

"Tana mazauninta," Sarkin Rami ya cafe. "Ba ta motsa ba."

Likita ta dube shi ta saman tabarau. "Baba, ma'aikacin lafiya ne kai?"

"Haƙa yake yi," in ji Tela. "Ki yi haƙuri da shi."

"To, ya faɗi daidai. Tana nan inda ta fara, ba ta ratsa cikin naman da ke kewaye ba. Za mu yi aiki mu cire ta. Waɗanda aka gano tasu a wannan mataki, kusan dukansu suna warkewa sarai, da yardar Allah."

Tela ta rufe fuska da gyalenta tana hamdala. Da wani mijin ne, sai ya yi godiya ya tashi. Sarkin Rami kuwa jan kujera ya yi.

"Likita, kafin ku ɗaga, kun ɗauki hoto?"

"Mun ɗauka."

"Kun auna zurfi?"

"Mun auna, Baba."

"Madalla. To kada ku sa ƙarfe a jikin abin kai tsaye. Daga nesa ake farawa, a kewayo shi, a ɗago shi da ƙasarsa."

"Malam, don Allah ka rufa mini asiri," Tela ta ce daga cikin gyale, kafaɗunta na rawa. Kuka ne ko dariya, ita ma ba ta sani ba.

Likita ta ajiye biro tana dariya. "Haka muke yi. Muna haɗawa da ɗan lafiyayyen nama a kewaye, sannan a duba gefen a ɗakin gwaji, ko wani abu ya saura."

"Kuna tankaɗewa ke nan, yadda muke yi wa ƙasar rami," ya gyaɗa kai, irin na wanda ya sami ɗalibi mai ƙoƙari. "In an ɗago, ina ake ajiyewa?"

"Me ya sa? Kana so a sa masa lamba a jera a gilashi?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya dubi matarsa. Ta rame a makonnin nan uku, zobenta har juyawa yake a yatsa. Tsoron da ya danne tun a benci ya taso masa gaba ɗaya, idonsa ya cika. A duk shekarunsa na aiki, ko guntun kasko bai taɓa yarda a zubar ba; ya sha yin faɗa da manyan malamai a kan haka.

Ya share ido da bayan hannu.

"A'a, Likita," ya ce. "Wannan kam ku jefar."